Sufacaja ko Tagwayen Turbo: Matakan da Na Bi Kafin Motar Ta Sauka Daga Daino

Motar da ake magana a kanta Nissan 350Z ce ƙirar 2004, mai giyar hannu shida, da injin V6 na lita 3.5 wanda ake kira VQ35DE. Yadda ta fito daga kamfani, tana ba da ƙarfin doki 287 a juyi 6,200 cikin minti, ƙarfin murɗawa kuma 274 lb-ft a juyi 4,800. Burina shi ne a ƙara mata ƙarfi ba tare da an buɗe cikin injin ba, kuma hanya biyu ce a gabana: a ɗora mata sufacaja, ko a sa mata tagwayen turbo. Daga ranar da na fara bincike zuwa ranar da aka gama saitin kwamfutar motar, wata huɗu aka yi. Makonni ukun farko duk sun tafi a banza, domin na fara ta inda bai kamata ba, wato kwatanta yawan dokin da masu sayarwa ke rubutawa a talla. Wannan lambar ba ta raba gardama, don kuwa kowanne daga cikin biyun yana iya ba da ƙarfin da ya wuce abin da injin zai ɗauka.

Aikin na'urorin biyu ɗaya ne: tura wa injin iska fiye da wadda zai iya zuƙa da kansa, a haɗa ta da ƙarin fetur. Matsin iskar duniya a gaɓar teku psi 14.7 ne, saboda haka in ka ƙara psi 7 a kai, ka ƙara wa injin kusan rabin abin da yake sha a da. A lissafin takarda doki 287 ya kamata ya koma wajen 420, amma zafi da asara suna cin nasu. Bambancin yana wurin abin da ke juya na'urar. Sufacaja da bel take aiki, tana karɓar juyi daga kiranshaf kai tsaye, don haka tana cin wani ɓangare na ƙarfin da take samarwa, wanda a irin wannan matsi ya kai doki 25 zuwa 30. Turbo kuwa hayaƙin salansa ne ke juya ta, a gudun da ya wuce juyi 100,000 a minti. Abin da ya daɗe yana rikita ni shi ne sufacaja ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta Roots da mai dunƙulallen sukurori biyu, waɗanda ake ɗorawa a saman injin, suna ba da matsi tun daga ƙananan juyi. Akwai kuma mai farfela, wadda siffarta kamar rabin turbo ce da aka haɗa da bel. Matsinta yana hawa ne da juyin injin, kuma idan juyi ya ninka sau biyu, matsin yakan ninka kusan sau huɗu. Su ma tagwayen turbo iri biyu ne. Na Mazda RX-7 da Toyota Supra na shekarun 1990 bi-da-bi suke aiki, ɗaya ta fara, ta biyu ta shigo daga baya. Waɗanda ake sayarwa don injin V6 irin nawa kuwa kafaɗa-da-kafaɗa suke aiki, kowace tana cin hayaƙin silinda uku, kamar yadda Nissan ta yi wa 300ZX.

Matakin da ya kamata ya zama na farko shi ne gareji, domin a auna lafiyar injin. Na kai motar da safe, aka ce sai an kwana biyu kafin layi ya zo kanta. Bakaniken ya ɗumama injin, ya cire filogi shida duka, ya cire fis ɗin famfon mai, ya danne totur har ƙasa, sannan ya auna matsin kowace silinda. Littafin gyaran wannan injin ya sa psi 185 a matsayin daidai, 142 mafi ƙaranci, kuma kada tazara tsakanin silinda da silinda ta wuce 14. Nawa sun faɗo tsakanin 172 da 180. Bai tsaya nan ba, ya yi gwaji na biyu wanda ya fi na farko faɗin gaskiya: ya kawo kowane fistin ƙololuwarsa, ya hura iska ta ramin filogi, ya duba kashi nawa ke zurarewa, yana kasa kunne. In aka ji iskar a bakin zuba baƙin mai, ring ne. In a salansa ko a bakin totur, bawul ne. In ruwan lagireto yana kumfa, gasket ɗin kai ne. Silinda biyar sun nuna kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari, ta shida ta nuna 9. Zuciyata ta ɗan tsinke da na ga allurar ta wuce sauran, amma ya ce, "Yallaɓai, ƙasa da goma lafiya ce. Da ta kai ashirin, da na ce ka riƙe kuɗinka mu fara gyara." Ya kuma samu baƙin mai ya taru a ramin filogi biyu, alamar sil ɗin murfin bawul ya gaji. Wannan aka gyara kafin komai, domin mai a jikin kwayil yana jawo ɗaukewar wuta, kuma ɗaukewar wuta a ƙarƙashin matsi ba ƙaramar ɓarna take yi ba. Ka nemi a rubuta maka waɗannan lambobi a takarda da kwanan wata, mai saiti zai tambaye ka su.

Mai saitin kwamfutar mota shi ne zango na biyu, kuma da na sani tun farko da shi zan fara magana kafin in kalli kowane talla. Sai da na jira kwana goma kafin in samu lokaci a kan daino, wato na'urar da ake ɗaure mota a kanta tayoyin baya na juya gangar ƙarfe ana auna ƙarfi. An ja motar sau uku a giya ta biyar, wadda ita ce ɗaya-da-ɗaya a wannan giyabos, wato juyin da ya shiga shi ne ke fita. Ta ba da doki 236 a taya. Kada wannan ya ba ka mamaki: 287 na kamfani a kiranshaf ake auna shi, kuma giyabos da aksul suna cin kusan kashi 15 zuwa 18 cikin ɗari. Masu talla wani lokaci lambar kiranshaf suke rubutawa, wani lokaci ta taya, kuma ba kullum suke faɗa maka wacce ba ce. Ka karɓi takardar wannan awo na farko ka ajiye, don da ita kaɗai za ka san abin da ka ƙaru da shi a daino ɗaya.

A nan ne maganar ta warware. Ya ɗauki biro ya zana layi biyu a bayan takardar awon. Layin turbo ya miƙe tsaye kamar bango wajen juyi 3,000 zuwa 3,500, sannan ya kwanta. Layin sufacaja mai farfela ya yi ta hawa a hankali har ƙarshen jan layi a juyi 6,600. Ya ce, "Malam, ba doki ke lanƙwasa kwanrod ba, murɗawa ce." Ma'anarsa, abin da kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf, yake ji shi ne matsin da ke cikin silinda a kowace fashewa, kuma wannan matsin shi ne ƙarfin murɗawa. Doki kuwa lissafi ne: murɗawa sau juyi, a raba da 5,252. Kana iya samun doki 350 ta hanyar murɗawa mai yawa a tsakiyar juyi, kana kuma iya samunsa da murɗawa matsakaiciya a saman juyi, kuma na biyun ya fi yi wa ƙarfen ciki sauƙi. Tagwayen turbo da aka sa wa psi 7 suna kawo matsin gaba ɗaya tun juyi 3,500, inda fistin ke tafiya a hankali kuma wuta ke da lokacin ɓarna. Sufacaja mai farfela da ke kai psi 7 a juyi 6,600 ba ta kai psi 2 ba a juyi 3,300. Masu aikin wannan injin sun daɗe da sanin cewa kwanrod ɗinsa na asali yana shiga haɗari idan aka doshi doki 400 a taya, tun ba ma in murɗawar ta zo da wuri ba. Ga shi kuma matsewar silindarsa 10.3 ce a kan 1, wadda aka tsara don injin da ke zuƙar iska da kansa. Injinan da aka ƙera da turbo a wancan zamani sukan tsaya wajen 8.5 zuwa 9.

Ya kuma tambaye ni fetur ɗin da zan riƙa sha kullum, ba wanda zan nemo ranar saiti ba. Wannan tambaya ce mai nauyi. Abin da ake tsoro shi ne fetur ya fashe da kansa a wani lungu na silinda bayan filogi ya kunna, ya yi karo da wutar da ke tahowa. Ƙararsa kamar a zuba tsakuwa a gwangwani take, kuma ita ce ke fasa gefen fistin da ke riƙe da ring. Ba wannan ne abin da makanikai ke nufi ba in sun ce inji ya yi nokin, amma shi ne hanyar da ke kai wa can. Fetur mai babbar lambar oktan, wato ma'aunin darajarsa, ya fi jure wannan, kuma ma'aunin ya bambanta: 93 na Amurka yana daidai da kusan 98 na Turai. Wanda ba ya samun fetur mai wannan daraja a kai a kai, dole ya rage matsi ya rage taimin, wato ya jinkirta lokacin da filogi ke kunnawa, ko da wace na'ura ya sa.

Duk da haka ban yanke hukunci a ranar ba, domin gani ya kori ji. Mai garejin da zai yi ɗaurin yana da irin motar a hannunsa mai tagwayen turbo, ya ɗauke ni muka zaga. A giya ta uku, juyi 2,500, ya taka totur. Da farko shiru, kamar numfashi ɗaya, sai wani siririn fito ya taso, sai kujera ta tokare mini baya da ƙarfin da ban taɓa ji a wannan mota ba. Gaskiya ta burge ni ƙwarai, kuma duk wanda ya ce ƙananan tagwaye suna da jinkiri mai yawa bai hau ba. Da muka dawo ya ɗaga ta sama, ya ba ni tocila. A nan na ga kuɗin wannan daɗin. Kowace turbo tana maƙale a gefen injin, tsakaninta da bodi bai fi faɗin yatsu biyu ba, a ɓangaren direba kuma sandar sitiyari na wucewa dab da ita. Hayaƙin da ke shiga ciki yana kai digiri 900, don haka an naɗe wayoyi da tiyo duk da mayafin zafi. Kowace turbo tana da siririn bututun kawo baƙin mai da kuma babban bututun mayarwa, wanda dole ya gangara ƙasa ba lanƙwasa, ya shiga kaskon mai sama da inda man yake kwanciya. In ya cika ko ya karye, mai ya taru a cikin turbo ya bi ta sil, mota ta riƙa fitar da shuɗin hayaƙi. Ga layukan ruwa, ga bawul ɗin sakin hayaƙi guda biyu da dole su buɗe a matsi ɗaya. Ya nuna mini ɗan siririn tiyon da ke zuwa wannan bawul ya ce, "Wannan in ya zame, bawul ba zai buɗe ba, matsi zai haura iya son ransa. Daƙiƙa biyu sun isa." Sufacaja ba ta da wannan haɗari, domin girman fuli ne ya ƙayyade iyakarta. Ya ƙara da cewa shi yakan sauke injin gaba ɗaya don ɗaura turbo a wannan mota, aikin kusan awa arba'in, sufacaja kuwa ba ta kai rabin haka ba.

Kafin biyan kuɗi akwai maganar takardu, kuma kowace ƙasa da dokarta. A Kalifoniya ta Amurka, kayan da ba su da lambar amincewa ta CARB, hukumar kula da tsabtar iska ta jihar, sa wuce gwajin hayaƙi. A Jamus sai an duba canjin an amince da shi, yawanci ta hannun TÜV, masu duba lafiyar motoci. A Ingila wajibi ne ka sanar da kamfanin inshora. Abin da ya shafi zaɓin nan kai tsaye shi ne yawancin tagwayen turbo suna zama ne a gurbin matatar hayaƙi ta asali, don haka sai an cire ta ko an mayar da ita baya, alhali sufacaja ba ta taɓa salansa ko kaɗan. Na kira kamfanin inshorata, suka nemi sunan kayan, da ƙarfin da ake sa ran samu, da rasit ɗin garejin da ya ɗaura. Mako guda suka yi kafin su turo amsa a rubuce, kuma kuɗin shekara ya ƙaru. Kada ka yarda da amsar baki a waya.

Sai lissafin kuɗi, inda na ga dalilin da ya sa motoci da yawa ke kwana wata da watanni a gareji. Masu sayarwa suna da kaya iri biyu: cikakke, da wanda suke cewa na masu saiti ne, wanda ya fi araha domin babu nozul, babu famfon mai, babu saitin kwamfuta a ciki. Na rubuta komai a shafi biyu, ɗaya na sufacaja, ɗaya na turbo. Abin da ya zama dole a duka biyun: nozul shida, famfon mai, filogi, kuloci, geji mai nuna matsin iska, geji mai nuna cakuɗin iska da mai, na'urar sanyaya baƙin mai, lasisin manhajar saiti, da awannin daino. A shafin turbo an ƙara bututun salansa na bayan turbo, mayafin zafi, na'urar sarrafa matsi, babban lagireto, da ladan aiki ninki biyu. A lissafina, waɗannan ƙarin sun kai kusan rabin kuɗin kayan sufacajar kanta, jimlar turbo kuma ta fi ta sufacaja da sama da rabi. In kuma aka ce a buɗe injin a sa fistin da kwanrod na ƙira domin turbo ta sake jiki, to maganar ta ninka. Na zaɓi sufacaja mai farfela, mai nata man a rufe a ciki don kada a huda kaskon injin, da fulin da zai tsaya a psi 7. Ta saman injin ma na duba ta, amma a wannan mota ba ta shiga ƙarƙashin bonet na asali, kuma tana kawo murɗawa da wuri, abin da nake gudu ke nan.

Mako biyar kayan suka yi a hanya. Ranar da suka iso mun baje su a kan tebur, takardar jerin kaya a hannu, muna ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya kafin a kwance ko noti guda a jikin mota. An samu kilif biyu da ɗan ƙarfen tazara na maƙalar sufacajar babu su. Mai sayarwa ya turo, amma sai da aka ƙara kwana tara. Da an riga an kwance motar, da kwana taran nan a kan jak za ta yi su, ana lissafa mini kuɗin wuri.

Ɗaurin ya ci kwana huɗu. An fara da mai. Lissafin nozul ba shi da wuya: injin da ake hura wa iska yana shan fetur mai nauyin kimanin fam 0.6 a awa kan kowane doki, don haka doki 420 a kiranshaf fam 252 ne, a raba shida ya zama 42, a sake rabawa da 0.8 domin kada nozul ya wuce kashi 80 cikin ɗari na lokacin buɗewarsa, ya ba da fam 52.5 a awa ga kowane nozul, wato kusan cc 550 a minti. Mun sa na 600. Famfon cikin tanki an canza shi da mai lita 255 a awa. Akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: tsarin man wannan mota ba shi da bututun komawa tanki, matsinsa a tsaye yake wajen psi 51. Idan manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, ya cika da psi 7, nozul yana fesawa ne a kan wannan matsin, don haka abin da ya rage masa 44 ne, kuma man da ke fita ya ragu daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. A psi 7 mai saiti yana iya cike gurbin a kwamfuta, in matsin ya fi haka sai an ƙara bututun komawa da na'urar da ke ɗaga matsin mai tare da na iska. Filogi an sa masu sanyi da mataki ɗaya, an rage bakinsu daga milimita 1.1 zuwa wajen 0.8, domin iska mai matsi tana wahalar da tartsatsi. Intakula, wato na'urar sanyaya iskar da aka matsa, ta zauna a bayan bamba, gaban lagireto. Kada kowa ya ce maka psi 7 bai kai a sa ta ba: iskar digiri 30 in aka matsa ta haka takan fito wajen digiri 80, kuma iska mai zafi ita ce abokiyar fashewar da ake tsoro. Bawul ɗin da ke sakin iska in an ɗaga ƙafa daga totur, an tsara shi yadda ba zai zubar da iskar da sensa ta riga ta ƙirga ba, in ba haka ba kwamfuta ta zuba man iskar da babu ita, mota ta riƙa mutuwa a tsaye. An sa bawul mai hanya ɗaya a tiyon numfashin injin don kada matsi ya koma cikin kurankes ya tura sil waje. Kuloci ma an canza, domin na asali mai shekaru ba zai riƙe ba. A ƙarshe aka toshe bakin bututu, aka hura psi 10 daga kwamfuresa, aka fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Ɗaya ta yi kumfa a ƙasan intakula, aka ƙara ɗaure ta.

Daga gareji zuwa daino a kan motar ɗauko aka kai ta, domin sababbin nozul da tsohon saiti ba sa tafiya tare. Mai saitin ya fara ajiye kwafin saitin asali, ya ba ni a filashi. Awa biyun farko ba a taka totur sosai ba ko sau ɗaya. Salo ya gyara, da tafiyar yau da kullum, inda cakuɗin ya kamata ya tsaya a 14.7 na iska kan 1 na mai. Sannan ya fara ja a taƙaice, zuwa juyi 4,000, zuwa 5,000, taimin a ja da baya, yana sanye da abin saurare da aka maƙala a jikin injin, idonsa a kan gejin cakuɗi yana neman 11.5 zuwa 11.8. Tsayuwa a gefen motarka tana kururuwa a ɗaure ba abu ne mai sauƙi ba, hannuna a dunƙule yake har aka sauke. A ja na shida layin matsin ya hau lafiya har juyi 5,800, sai ya karye ya yi ƙasa. Ya kashe injin, ya buɗe bonet, ya shafa yatsa a maƙalar sufacajar, ya nuna mini baƙar ƙura kamar garin gawayi. Bel ke zamewa. Da aka ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar fulayen, aka ga na sufacajar ya kauce da kusan milimita ɗaya da rabi, kuma sabon bel ɗin ya riga ya saki. Aka tsaya a nan, domin saitin da aka yi a kan bel mai zamewa yaudara ne: ranar da ya kama da kyau, iskar za ta fi man da aka tsara mata. Na biya kuɗin rabin yini, motar ta koma gareji aka daidaita da siraran wasa, aka sa sabon bel, na sake jiran kwana shida.

A zama na biyu matsin ya kai psi 7 a juyi 6,500, motar ta ba da doki 344 a taya, ƙarin 108 a kan awon farko, murɗawa kuma 290 lb-ft. Ya ja sau uku a jere ba hutu don ya ga yadda zafin iskar shiga ke hawa, ya tsara kwamfutar ta riƙa janye taimin in ya wuce kima. Ya ce akwai sauran doki goma sha biyar da zai iya matsowa, amma ya bar su saboda ranar da za a sha fetur maras kyau. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Na karɓi takardar awo, da bayanan da kwamfuta ta naɗa, da kwafin sabon saitin.

A kan hanya, ƙasa da juyi 3,000 motar kusan yadda take a da take, sai dai ƙarar giyar sufacajar da ake ji a salo. Daga 4,000 take buɗewa, kuma tana ta ƙaruwa har jan layi, totur na amsawa nan take. Wannan ya sa fita daga kwana ya zama abin da ƙafa ke iya aunawa. Amma bugun ƙirjin nan da na ji a motar turbo babu shi, kuma wanda abin da yake nema ke nan zai yi nadama in ya bi hanyata; in zai wuce wata mota dole ya sauko giya ɗaya ko biyu. Wanda ke zaune a tudu mai tsayi ma ya sani cewa turbo tana rama ƙarancin iska ta hanyar ƙara gudu, sufacaja kuwa matsinta raguwa yake yi. Haka kuma wanda ya san ransa ba zai tsaya a doki 350 ba, gara ya tara kuɗi ya gina injin tun farko, da fistin masu ƙaramar matsewa da kwanrod na ƙira, ya sa turbo sau ɗaya, domin ƙara matsi a turbo saiti ne, a sufacaja kuwa sai an ƙanƙanta fuli, bel ya ƙara zamewa, farfela ta doshi iyakar gudunta. Wannan iyaka ana lissafa ta ne da juyin injin sau girman fulin kiranshaf a kan na sufacaja, sau giyar da ke cikinta. Misali 6,600 sau 2 sau 3.6 ya ba da 47,520, sai ka gwada da abin da kamfanin ya rubuta. Da zan sake bin hanyar, da gwajin silinda zan fara, in bi da mai saiti, in tambaye shi kayan da ya saba da su da manhajar da yake aiki da ita, sannan in je ga mai sayarwa, kuma in ware kuɗin zaman daino biyu maimakon ɗaya.

Bayan kilomita 1,000 na mayar da ita gareji kamar yadda aka umarce ni. An sake ɗaure kilif duka, domin roba takan kwanta bayan ta sha zafi, an ƙara wa bel ɗauri kaɗan, an duba man sufacajar, an canza baƙin mai. Bakaniken ya cire filogi shida ya jera su a kan tsumma bisa tsarin silinda, ya duba farin tangaran ɗin kowanne da gilashin ƙara girma yana neman ɗige-ɗigen baƙi ko ƙyallin alminiyam, waɗanda su ne sawun fashewa. Duka shidan sun fito da launin ƙasa-ƙasa mai haske, har da na silinda ta shida. Tayoyin baya ne suka nuna ci fiye da da, kuma birki na asali ya fara laushi bayan taka uku masu ƙarfi a jere, don haka an ba da odar takalman birki masu jure zafi da man birki DOT 4 mai babban ma'aunin tafasa.